Bargon Mutanen Mubi Ya Rasu a Cikin Durom

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ba ni da niyyar ɓoyewa, ni Selina Zadok, tela a Jimeta, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya kwana a gidana a shekarar gudu cewa bargon nan na ƙyallaye, wanda yara suke kira Baba Faci, ya rasu. Ba tsufa ne ya kashe shi ba, ba ɓera ba, ba gara ba. Ƙanena Absalom, uwa ɗaya uba ɗaya, mutum mai furfura a gemu, shi ne ya kashe shi. Na rubuta sunansa ne don kada wani ya zo mini ta'aziyya yana cewa tsautsayi ne. Tsautsayi bai buɗe akwatina ba. Absalom ne ya buɗe.

An haifi marigayin a ƙarshen shekarar 2014, lokacin da mutanen Mubi da Michika suka gudo wa hare-hare, suka cika garin nan da ƙunshi a ka. Gidana ɗaki uku ne da rumfa. Ban ƙirga waɗanda suka kwana a ciki ba, na dai san sai an tsallake mutum ake kaiwa bakin randa. Akwai Kirista, akwai Musulmi. Ban tambayi kowa ba, ƙafafunsu duk iri ɗaya suka kumbura.

Yaran sun iso da rigar jikinsu kaɗai, ita ma ƙaya ta yage ta a daji. Amma a ƙunshin iyaye mata akwai kayan manya, rigar miji, wandon ɗa, zanen ƙanwa, waɗanda aka ɗauko musu da cewa suna tafe a baya. Da makonni suka yi ta wucewa ba su zo ba, sai matan suka fara kawo mini kayan ɗaya bayan ɗaya, in rage su su zama na yara. Babu wadda ta ce mai rigar ya mutu. Cewa suke yi, "A rage wa yaro, in ya zo a ɗinka masa sabuwa." Ban yi makarantar ɗinki ba, a gefen keken wata maƙwabciya na koya da ido, amma na san al'ada: abin da almakashi ya bari na tela ne. Wannan karon ban ga ina da ikon yin tsumman goge keke da shi ba. Kowane ƙyalle sai na tambayi sunan mai shi kafin in ajiye.

A hannu aka ɗinka shi. Na ba kowace mace allura da zare don in ga hannunta yana motsi, domin na lura wadda ta zauna da hannu biyu a cinya ita ce take fara daina cin abinci. Shi ya sa ɗinkinsa bai taɓa miƙewa ba. Wani wurin ƙanana ne a jere, wani wurin manya kamar ɗinkin bakin buhu. Madam Chinaza Nwachukwu, mai sayar da atamfa, wadda ita ma ta baro shagonta a Mubi, ita ta ba da yadin shafi. Muka cusa tsofaffin zannuwa a tsakiya har ya yi kauri.

Marigayin ba shi da kyau, kuma bai taɓa cewa yana da shi ba. Na sha jin ana tambaya me ake yi da bargo a Yola, garin da ko zanen gado nauyi yake yi wa mutum. Gaskiya ne, 'yan makonni kaɗai yake aikin rufa a shekara. Sauran lokaci shimfiɗa ne. An kwantar da masu zazzaɓi a kansa, an shimfiɗa wa masu jego, jikokina a kansa suka koyi zama. Bai taɓa zaɓar wanda zai ɗauka ba. Ba shi da yawan magana. In an buɗe shi, shaddar da ke jikinsa takan ce ƙaras-ƙaras, sai kuma wani maɓalli da muka bari a bakin aljihu, wanda yakan bugi ƙarfen gado ya ce ƙyas. Iyakar abin da na taɓa ji daga gare shi ke nan a shekara goma.

Aljihun nan na Bakari ne, ɗan Dada Sabuwa, wata tsohuwa cikin waɗanda suka sauka a gidana. Bakari mai gyaran babur ne a Mubi. Ya kai uwarsa bakin hanya ya ɗora ta a mota, ya koma ɗauko ƙanin mahaifinsa da ba ya iya tafiya. Ba a ƙara ganinsu ba, ba gawa, ba labari. Rigarsa ta Sallah, farar shadda, tana ƙunshin uwar. Ita ce mace ta ƙarshe da ta kawo mini kaya. Ta ce a rage wa wani maraya ɗan Michika da ko iyayensa ba ta sani ba, amma a bar mata aljihun ƙirji yadda yake. Da hannunta ta ɗinka shi a kusurwar bargon. Da aka fara komawa gida ba ta koma ba, tana unguwar Bako wurin 'yarta. Na ce ta tafi da bargon, ta ce ba nata ba ne ita kaɗai. Kowace shekara bayan ƙaramar Sallah takan hau Keke Napep ta zo. Idonta ya tafi yanzu. Nakan shimfiɗa mata shi a rumfa, ta bi gefensa da yatsu har ta kai aljihun, ta zura yatsu biyu a ciki ta zauna. Ba ta kuka. In ta gama ta sha kunu, mu yi taɗin ciwon gwiwa, ta tafi. Wasu suna da kabarin da suke ziyarta. Ita aljihu gare ta, kuma a hannuna ta bar ajiyarsa.

Ga yadda ciwon ajali ya same shi. A watan Maris 'yata Rebeka ta haihu a Girei, na haye gada na je na zauna mata. Azumi ya kama cikin zafin nan da kowa ya sani, wuta kuma ba a kawowa. Absalom, wanda yake zaune a ɗakin ƙofar gidana tun da matarsa ta gaji da shi, ya ga yadda ake rububin ƙanƙara da yamma, ya ce ya sami sana'a. Ban ƙi sana'a ba. Kafin wannan ya yi kiwon kifi, ya yi cajin waya, duk ban ce komai ba. Masu sayar da ƙanƙara buhu suke naɗa mata da garin katako don kada ta narke kafin shan ruwa. Shi ya ga buhu bai isa ba, kuma ya san akwai abin da ya fi buhu kauri a gidan. Ya ɓalle kwaɗon akwatina, inda na kulle marigayin kafin in tafi.

Kullum yakan naɗe ƙanƙara a cikin marigayin, ya cusa a tsohon durom na ƙarfe ya rufe. Da yamma ya sayar, ya mayar da bargon cikin durom a jiƙe, washegari ya sake. Ko sau ɗaya bai shanya shi ba, wai jiƙaƙƙe ya fi riƙe sanyi. Maƙwabta sun shaida cewa ƙanƙararsa ta fi ta kowa daɗewa a layinmu. Ban yi mamaki ba. Marigayin bai taɓa yin aiki rabi da rabi ba, ko da aikin ne zai kashe shi.

Da na dawo, wari ne ya kai ni bayan ɗaki. Na same shi a ƙasan durom cikin ruwan tsatsa. Fumfuna ta yi masa baƙi. Jan atamfar zumuntar matan coci da ke jikinsa ya zuba a kan komai, shuɗi ya bi bayansa, tsatsa ta rufe su duka, har ya koma launi ɗaya irin na ruwan kwata. Mun yi jinya. Madam Chinaza ta zo da gishiri da lemun tsami, muka jiƙa shi a baho muna lallaɓawa, ba mu murza ba. Da muka ɗaga shi mu biyu, sai ya rabu a hannunmu, ko ƙara bai yi ba. Tufafin da ke jikinsa sun riga sun tsufa tun kafin a haife shi. Kusurwar aljihu ita ce ta kwanta a ƙasan durom, ta narke kamar takarda. Mun tace ruwan da rariya, maɓallin ma ba mu gani ba.

Na kira Absalom. Ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, "Adda, ai tsumma ne. Zan saya miki na kanti, mai hoton damisa." Na tambaye shi ko ya manta na su wane ne ƙyallayen. Ya ce bai manta ba, amma waɗanda suka tafi ba sa jin sanyi, masu rai kuwa suna jin ƙishi. Ku lura, yana nan aka ɗinka bargon. Shi ne ma yake zura wa tsofaffin mata zare a allura a lokacin. Da baƙo ne ya yi da na koya masa. Wannan ya sani ya yi. Halin da ya cika garin nan ke nan: mutum ya ga abu zai yi masa amfani yau, shi ke nan tambaya ta ƙare.

Marigayin ya bar keken ɗinki, abokin zamansa a ɗaki ɗaya. Ya bar buhun ƙyallaye marasa suna, ragowar kayan Kirsimeti da na Sallah na masu rai. Ya bar yaran da suka sa rigunan nan, wasu suna karatun jami'a a Sangere yanzu, wasu sun yi aure. Ya kuma bar ni, ba yadda nake da ba. Ban taɓa rubuta sunayen ba domin ban ga bukata ba. In na ɗora hannu a kan ƙyalle sunan mai shi yakan zo da kansa. Tun da ya rasu nake gwada jera su da ka, sai in kai wani wuri in tsaya. Akwai wani ƙyalle mai ratsi ruwan ɗorawa kusa da tsakiya. Na tuna ɗinkin, na tuna fuskar matar da ta kawo shi, sunan yarinyar ya ƙi zuwa.

Sallah ta wuce, lokacin zuwan Dada Sabuwa ya yi. Madam Chinaza ta ja ni gefe ta ce da Hausarta ta koyo, "Mama Rebeka, abeg, ka ji ni. Tsohuwa ba ya gani. Ina da farin shadda a shago. Ka ɗinka aljihu, ka sa botin, ka haɗa da ƙyalle na buhu. Wa zai faɗa masa?" Don tausayi ta faɗa, ta fi ni taushin zuciya tun asali, kuma aikin ba zai yi mini wuya ba. Na ƙi. Ba zan zaunar da tsohuwa ta zura yatsu a yadin kanti tana jin ɗanta ba, ni kuma ina gefe ina dama kunu. Amma ba zan ce hankalina ya kwanta da ƙin ba. Da na yi ƙaryar, da ta bar mata wurin zuwa har ƙarshen ranta. Gaskiyata ba ta bar mata komai ba. Har yanzu ina juya wannan a raina.

Ban bari ta zo ta tarar ba. Ranar Talata na sa Absalom a gaba muka tafi Bako, na ce da bakinsa zai faɗa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya yi ta kewaye-kewaye, zafi, rashin wuta, halin rayuwa, har sai da na ce ya faɗi abin da ya yi. Ya faɗa. Dada Sabuwa ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Ƙanƙarar, masu azumi ne suka sha?" Ya ce, "E, Dada." Ta ce, "To. Tashi, ɗana, ƙasa da zafi." Na ce mata gidana gidanta ne, ta ci gaba da zuwa bayan Sallah yadda ta saba. Ta juyo da fuskarta wajen muryata ta ce, "Selina, in zo in taɓa me?" Muka yi sallama.

Ita ta yafe masa, wannan tsakaninta da Ubangijinta ne. Ajiyar a hannuna take, kuma ni ce mai hukunci a gidana.

Za a binne marigayin ranar Asabar da safe, kafin rana ta yi zafi, a gindin dogon yaron da ke tsakar gidana, inda aka ɗinka shi. Ba za a ƙone shi ba, masu kayan sun ga wutar da ta ishe su. Ba fasto, ba liman, domin na san tufa ba ta da rai, kuma ba na so a ce Selina ta fara bauta wa tsumma. Matan da suka sa allura a jikinsa, duk wadda sanarwar nan ta kai gare ta, a Jimeta ko Yola ko Girei, ta zo ta faɗi sunan da ta kawo mini a wancan lokacin. Abin da na manta wataƙila wata tana riƙe da shi. Kada a kawo abinci, kada a yi anko. Ruwan randa za a sha. Masu niyyar kawo mini sabon bargo su bar shi a shago.

Absalom ne zai haƙa ramin, shi kaɗai, ba mai karɓar masa diga. Zai tsaya har a kira suna na ƙarshe. Bayan an mayar da ƙasa zai kwashe kayansa daga ɗakin ƙofar gida, har da durom ɗinsa. Ba zai ƙara kwana a gidan nan ba.