Wa Ya Riƙe Maka Igiya?

A wani daji da ruwa ya yi wa nisa, akwai majalisar mahaƙa rijiya. Sau ɗaya take zama a shekara, bayan kaka, a gindin wata tsamiya. Tsohon Kunkuru ke shugabanta. Ba don ya fi kowa sani ba. Ya dai fi kowa daɗewa, kuma ba ya saurin tashi daga inda ya zauna.

Majalisar na da al'ada guda tun kaka da kakanni. Duk mai neman a ba shi haƙa sai ya tsaya a tsakiya a yi masa tambaya ɗaya: "Wa ya riƙe maka igiya?" Dalilin a fili yake. Mahaƙi ba ya sauka sai da igiya a kugu, igiya kuwa ba ta riƙe kanta. Wanda ya riƙe maka ranar da ka fara sauka shi ne malaminka, shi za ka ambata. Shi ne kuma zai sake riƙe maka ranar fasa ido, wato ranar ƙarshe da ake sauka can ƙasa a huda inda ruwa zai ɓullo.

Da zamani ya juya, tambayar na nan yadda take. Amsar ce ta sake. Wannan ya ce Zaki, wancan ya ce Damisa, alhali Damisa ko guga ba ta taɓa ja ba. Babban suna, babbar rijiya. In an ba mutum aikin sai ya nemo ɓeraye su haƙa, shi ya zo ranar biki da sabuwar hula. Ba wanda ya kira abin ƙarya. Cewa ake yi sanin jama'a jari ne.

A shekarar da wannan abu ya faru, rijiyar tsakiyar kasuwa za a bayar. Wanda ya haƙa ta ya gama neman suna. Cikin masu so akwai wani saurayin burgu, sunansa Jatau.

Shekara huɗu Jatau ya yi a hannun Iya Tabawa, wata tsohuwar beguwa da ke zaune bayan gari. Ita ta koya masa ɗanɗana ƙasa ya san abin da ke ƙarƙashinta. Ita ta koya masa ƙullin da ba ya zamewa. Abu ɗaya ne ba ta iya ba: yabo. Ranar da ya gama rijiyarsa ta fari, ya fito jiƙe yana jiran ko da sannu. Ta dubi kugunsa ta ce, "Ƙullinka sako-sako ne." A ranar ya kwashe kayansa. Shekara guda bai taka ƙofarta ba.

Ana saura mako a zauna, Hankaka ya sauka kusa da shi a bakin kasuwa. Hankaka ba ya haƙa, ba ya saye, ba ya sayarwa. Ya san kowa. Sana'arsa ke nan.

"Ƙanena, wa za ka ambata?"

"Ba kowa. Ni na yi kaina."

Hankaka ya yi dariya har ya gyara farin ƙirjinsa. "Ko ƙwai sai da aka kwanta masa. Ba-kowa ba suna ba ne, Baba Kunkuru ba zai karɓa ba. Tsohuwar fa?"

Jatau ya kau da kai.

"Gara ka manta da ita. Macen kirki ce, amma wa ya san ta? Ba ta zuwa suna, ba ta zuwa ɗaurin aure, ko rungumarta ba ta yiwuwa. Ka ambaci Gwaggon Biri, Uban Taro. Babu babban da bai taɓa hannunsa ba a dajin nan."

"Bai taɓa leƙa cikin rijiya ba."

"Shi ya sa har yau yake da ƙiba."

"Ranar fasa ido fa?"

"Riƙon biki ne, ƙanena. Ya kama, a yi guɗa, a watse."

Ba banza ake wa Hankaka kirari da mai da ɗan wani naka ba. Safiya uku yana kai Jatau zauren Gwaggon Biri. A nan Jatau ya koyi abin da Iya ba ta koya masa ba: durƙuso, da dariya tun kafin a gama ba'a, da gaisuwa da hannu biyu, don a dajin nan ba a miƙa wa babba hannu ɗaya. Uban Taro ya kira shi Jatau sau ɗaya, Tanko sau biyu.

Ranar zama ta zo. Iya Tabawa na can gefe. An bar mata fili babba, kamar kullum, ba don girmamawa ba. Kunkuru ya miƙo wuya ya ce, "Jatau, wa ya riƙe maka igiya?"

Jatau ya kafa ido a gindin tsamiya. "Gwaggon Biri, ransa ya daɗe."

Uban Taro ya miƙe ya gyara murya. "Jama'a, yaron nan tun yana cikin tsumma nake kallonsa. Ni ban iya yabon kai ba. Amma in kun ga tsiro ya yi kyau, ku duba inuwar da ya zauna. Aikinmu ke nan mu manya, riƙon na ƙasa. Na riƙe da yawa, wasu ma ban san fuskarsu ba. Tanko, tashi ka yi wa majalisa godiya."

Jatau ya yi godiya. Aka ba shi rijiyar. Da ya saci kallon gefe, filin na nan, mai filin ta tafi.

Bai nemo ɓeraye ba, wannan kam a yaba masa. Da kansa ya haƙa. Tun da ba mai riƙe masa, sai ya sassaƙa matakala a jikin bango, yana sauka yana hawa, yana fito da ƙasa a kumatunsa. Masu wucewa na cewa, kai, yaron nan namiji ne. Yana ji, yana jin daɗi. Sai dai duk lokacin da ya ɗanɗana ƙasa, muryar da ke faɗa masa sunanta a cikin kansa ba tasa ba ce. Wannan ya fi aikin ci masa rai.

Ranar sha tara da fara haƙa, da hantsi, ya fito ya tarar da Iya a kan tulin ƙasar da ya zubar. Tana tauna ɗan yashi.

"Ina kwana, Iya."

"Gaba nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Ƙasa yashi ne mai ruwa. Matakalarka ba za ta riƙe ka ba. Gaba biyun ƙarshe a igiya za ka yi su, in ido ya fashe kuma ruwan zai zo da fushi." Ta tofar da yashin. "In kana so in riƙe, ka ce."

Magana ɗaya ce. Saura kaɗan ya faɗe ta. Amma akwai 'yan kasuwa na kallo, kuma wanda ya ce shi ya yi kansa ba ya son a ga inda aka ɗinka shi.

"Ina da mai riƙe mini."

"Na ji sunansa," in ji ta. Ta juya.

Ranar fasa ido kasuwa ta cika tun da safe. Makaɗa, maroƙa, masu ƙosai. Wasu sun ga tsohuwar beguwa na shawagi wajen wani kututturen kirya da ke bayan taro, inda jelar igiya ta ƙare. Suka ce tsufa ne.

Gwaggon Biri ya kama igiya da hannu biyu, ya juya ta inda za a fi ganinsa. Aka yi guɗa. Jatau ya ɗaure kugunsa ya sauka. Haske ya koma kamar bakin tulu. A gaba na sha biyu matakala ta narke ƙarƙashin ƙafarsa, kamar yadda aka faɗa masa. Ya rage daga shi sai igiya. Yana lilo ya ɗaga dagi ya soki ƙasa. Sau ɗaya. Sau biyu. A na uku ido ya fashe.

A daidai nan Giwa ta iso bakin kasuwa.

Ba a sa ran zuwanta ba. Taro ya juya gaba ɗaya. Giwa ta miƙo hanci wajen Uban Taro don su gaisa. Shi kuwa mai ladabi ne, ba a taɓa kama shi da gaishe da babba da hannu ɗaya ba. Bai yi mugunta ba. Bai ma tuna akwai wani abu a hannunsa ba.

Igiya ta zube. Jatau ya faɗa cikin ruwa da yashi, yashin na jansa ƙasa. Ya kira sunan da ya ambata a majalisa, kiɗa ya haɗiye. Ruwa ya kai wuya. Ya buɗe baki ya kira ɗaya sunan, ruwa ya shiga.

Sai igiya ta tsaya cak.

Ta fara hawa. Ba da sauri ba. Ja, tsayawa, ja, tsayawa. Ya san wannan jan. Shekara huɗu yana hawa da shi.

Lokacin da kansa ya leƙo bakin rijiya, bayan kowa yake gani. Can ƙarshe jelar igiya na ɗaure a kututture da ƙullin da ya sani. Tsakanin kututturen da rijiya, Iya Tabawa ce ke ja da baya, igiya a baki, ƙafafunta na tona ƙasa. Da ta ga ya dafa baki sai ta saki. Ta tofar da jini, da wani abu fari a ciki. Ta bi ta bayan rumfuna.

Taro ya juyo. Gwaggon Biri ya ga igiya a ƙasa, ya ɗauka ya ɗaga sama. Guɗa ta tashi har tsuntsaye suka bar tsamiya.

Washegari majalisa ta zauna don naɗa wa mai riƙon igiya rawani, kamar yadda aka saba. An riga an warware rawanin lokacin da Jatau ya shiga tsakiya ba a kira shi ba.

"Baba Kunkuru, ina da magana. An tambaye ni a nan, na yi ƙarya. Uban Taro bai taɓa riƙe mini igiya ba sai jiya, jiyan ma ya saki. Iya Tabawa ce ta koya mini haƙa. Ta ce in bari ta riƙe, na ƙi, don kar a ce an taimake ni. Ita ta ɗaure igiyar a kututture, ita ta jawo ni da haƙoranta. Ɗaya na can a ƙasa, wanda ke shakka ya je ya duba. In za a karɓe rijiyar a karɓe. Abin da na sani ke nan."

'Yan majalisa suka dubi juna. Irin wannan magana ba a tanadi wurin ajiye ta ba.

Gwaggon Biri ya ce, "Yaro ya sha ruwa, a yi masa uzuri. Ni dai da igiya aka gan ni."

Hankaka ya ce, "Jama'a, a duba gaba. In aka ce wanda aka ambata ba shi ne mai riƙo ba, to rijiya nawa za a tona a dajin nan?" Kowa ya dubi hularsa.

Dila, wanda ya san doka, ya ce, "Sunan tsohuwar bai fito ranar tambaya ba. Abin da ba a ambata ba, majalisa ba ta san da shi ba."

Aka yi ta kai da komo har rana ta take tsaka. Ba a iya ba Uban Taro rawanin ba, don an ji abin da ya yi. Ba a iya ba Iya ba, don za a ji asirin majalisa. Daga ƙarshe Kunkuru ya fito da kai ya ce, "Mun saurari kowa. Abu ɗaya ne ba wanda ya musa: a jikin kututture igiyar ta tsaya. A kai masa rawanin."

Aka ce madalla da hikimar manya.

Jatau bai jira naɗin ba. Ya ɗebi tulu guda na ruwan farko ya nufi bayan gari. Ya tarar da ita a ƙofa tana murza sabuwar igiya, kumatu a kumbure. Ya ajiye tulun. Ya durƙusa, ba irin durƙuson zaure ba.

"Iya, na faɗa musu."

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa."

"Har yanzu kana tare da Ba-kowan nan?" Ta kurɓi ruwan, ta juya shi a baki ta gefen da ba ciwo. "Ba gishiri. Ka dace da wuri."

Ya jira. Ba ta ƙara ba. Ya gane iyakar abin da take da shi ke nan, kuma ta ba shi duka.

"Akwai gyaran bango gobe," in ji shi. "Ina so ki riƙe mini."

"Da wane haƙorin?" Ta jefa masa igiyar. "Kawo kugunka in ga ƙullin tukuna. Jiya ma Allah ne ya rufa asiri."

Rijiyar na nan har yau, ruwanta ba ya ƙafewa. Kututturen ma na nan da rawaninsa, an yi masa rumfa. Samari masu neman haƙa na zuwa gaishe shi da hannu biyu, Hankaka ne ke shigar da su. A majalisa kuwa sunan kututturen ya fi na Zaki tsada, don duk dajin an shaida bai taɓa sakin kowa ba.