Mawaƙin Gero

Na daɗe ina binciken irin gero, don haka da abokiyar aikina, Malama Asabe, ta ce in bari ta haɗa min waya da lasifika, sai na yi mata murmushin manya. Ni da nake wuni cikin na'urori?

Manoma sun cika ɗakin taro, har da kawuna, limamin unguwarmu a Ƙofar Taramniya. Na gyara hula, na ce su saurari bayanin da na naɗa kan tsutsar gero. Na danna.

Sai ga muryata tana rera waƙar noma, da kiɗan biro a jikin kwalbar gwaji. Haka nake yi wa shukokina in ba kowa, har da kirari. Na daddanna ko'ina, ƙara ta ƙaru. Kawu ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Wani dattijo ya bari ta ƙare, sannan ya ce, "Dakta, wanga shi ne sabon takin da kunka gano?"

Damina uku ke nan. Duk sanda ruwa ya yi jinkiri, sai a bugo min waya daga ƙauye: "Dakta, gero ya yi yaushi. Yaushe za ka taho da kwalbar?"