Kwamitin da Ya Warkar da Ɗaki Guda da Gaisuwa

Shekaranjiya na je asibiti dubiyar maƙwabcina Malam Sirajo, tela a unguwar Runjin Sambo, wanda ciwon suga ya kama wa yatsan ƙafa. Na tafi da kwanon fura, na dawo da Sirajo a keke napep.

Ina zaune bakin gadonsa sai ga kwamiti, wai an turo su su tantance wanda kwanciyarsa ta zama dole da wanda ya mai da asibiti masauki. Madalla da wannan hangen nesa. A gaba akwai Mai Girma Sarkin Gadaje, ya toshe hanci da hankici. Bai ɗaga bandeji ba, bai nemi likita ba. Daga nesa ya ce, "Malam, ya jiki?"

Sakinatu, matar Sirajo, ta dafa shi. "Hwaɗa mishi gaskiya, ƙahwag ga ba ta barin ka kwana."

To ku gaya mini, wane Basakkwace ne babban mutum zai gaishe shi ya amsa da raki? Sirajo ya yunƙura, gumi na keto masa, ya ce, "Alhamdu lillahi, ranka shi daɗe, da sauƙi."

"Ma sha Allah! A sallame shi."

Haka aka bi ɗakin gado-gado. Har tsohon da ake yi wa ƙarin ruwa ya ce da sauƙi. Kafin azahar kwamiti ya warkar da duk wanda ya gagari likitoci. Sai a bene, ɗakin manya mai sanyi, aka samu mara lafiya na gaske: wani Alhaji da jininsa ya hau ranar da aka fara binciken ofishinsa. Shi ya yi nishi yadda ya kamata, aka ce ya ƙara hutawa.

A hanya na kasa haƙuri. "Sirajo, mi ya hana ka ce kana jin ciwo?"

"Haba, in kai ƙarar Ubangijina wurin baƙo?"

Wallahi raina ya ɓaci, na rasa da wa zan yi faɗa. Da ƙafar nan yake taka keken ɗinki, da ita gidansa ke ci.

Yau da safe ta kumbura suntum, muka mai da shi. Gadon an ba wani. Yana kwance kan tabarma a baranda, likita ya ce yatsan sai an cire. A rediyo kuwa ana ta yaba wa kwamiti kan rage cunkoso. Ni ma na yaba. Yatsa guda ma ai ragi ne.