Yadda Za Ka Ratsa Fili a Keke Ba Tare da Girmanka Ya Zube Ba

Idan ka bi matakan nan bi da bi, tabbas za ka isa inda ka nufa, a kuma yi ta jinjina maka. An gwada su a kan wani mai aski ɗan shekara hamsin da takwas, wanda ya tashi ganin 'yarsa da ta haihu a wani gari can bayan fili, tafiyar kwana uku a keke.

1. Fara da cika baki

Ka faɗa a inda ba za ka iya janyewa ba. Mai askin a shagonsa ya faɗa, almakashi a hannu, mutum shida na jiran layi, cewa mota ta ragwaye ce. Gaskiyar magana, amai yake yi a mota, shi ya sa shekara biyu bai taka gidan 'yar ba, abin kuma yana cin ransa. Irin wannan gaskiyar ka bar ta a cikinka.

2. Kada ka yi gardama da mai ɗaura kaya

Matarsa ta ɗaura masa bargo, tukunya, jarkar ruwa biyu da ƙunshin kayan jariri, har keken ya koma kamar na mai ƙaura. Ta ce ko ta kira ƙaninsa ya bi shi a babur. Ya ce ta raina shi ne. Masana sun tabbatar nauyin kaya ba ya damun mutum sai bayan an daina ɗaga masa hannu.

3. Yi hulɗa da filin cikin ladabi

Ciyawa dama, ciyawa hagu, sama a kife kamar kwano. Babu tudu, saboda haka babu abin da za ka ɗora wa laifi. Da hantsi ya hango wata bishiya ya ce a can zai huta. Har rana ta karkata bishiyar tana nan inda take, shi ma kusan haka. Iska kuwa a fuska take, ko ina ka juya. Idan shanu suka tsaya kallonka, gaishe su. Shi ya gaishe su, har ya ba wata saniya labarin yadda 'yar ta koyi tafiya a tsakanin kujerun shagonsa, ya share ido da hannun riga.

4. Sirdi ba abokinka ba ne

A rana ta biyu mazaunanka za su yanke hulɗa da kai. Sauka ka tura. Da ka ji ƙarar mota, ka durƙusa kana duba sarƙa, fuska a murtuke kamar bakanike.

5. Bari a roƙe ka

Motar ɗaukar ciyawa ta tsaya. Direban ya ce ya hau, ya ƙi. Ya sake cewa, ya ƙi. Da direban ya sa giya, sai ga mai aski yana bin motar da gudu yana kiran bawan Allah. Ya yi sauran tafiyar kwance a kan ciyawa, kai a leƙe ta gefe saboda larurar da ka sani. Kafin shiga gari ka sauka, ka kwara sauran ruwan jarka a wuya, ka shiga kana haki.

6. Ba da labari a tsaye

Zama dai ba zai yiwu ba. Yana tsaye a tsakar gida, surukinsa da maƙwabta sun kewaye shi, labari ya kai inda wai ya tsere wa garken shanu, sai aka yi sallama. Direban ne, ashe katanga ɗaya ta raba gidansa da na surukin.

"Baba, ga famfon kekenka, a motata ka bar shi."

Surukin ya shiga kallon farcensa. 'Yar ce ta fito daga ɗaki, ta karɓi famfon ta yi godiya, ta miƙa wa uban jaririn.

"Baba, ko a bayan jaki ka zo, ka dai zo. Riƙe mai sunanka."

Ya riƙe shi a tsaye har hannunsa ya sage, bai yarda kowa ya karɓa ba.

Gargaɗi: mai wannan rubutu bai taɓa wuce bakin kasuwa a keke ba. Duk abin da ya sami gwiwarka, mazaunanka ko sunanka a unguwa, tsakaninka da sirdinka ne, kada a nemo mai rubutun.