Malamin da na kawo daga Brussels

Ba zan taɓa mantawa da tsarabar da na kawo daga Turai ba, ko na so mantawa 'yan ɗakinmu na unguwar Hor Al Anz a Dubai ba za su bar ni ba.

Lokacin ina yi wa Alhaji Sabo aikin kago, wato aika kaya gida, a kasuwar Murshid Bazaar, sai ya ce zai tura ni Brussels in duba masa motoci. Ni ɗan Kurna zan ga Turai! Har kwat na aro. Sharaɗi ɗaya Alhaji ya kafa mini: "Can giya a fili take. In na ji ka leƙa gidanta, khalas, babu kai babu tafiya."

Brussels ta yi mini kyau, jama'a. Gine-gine kamar an zana, titi duk dutse. Ina ta yawo baki buɗe ruwan sama ya tsuge, na faɗa wani tsohon gida mai kujerun katako da fitilu jajaye, tsofaffi na ta hira. Na ce to, ga mai shayinsu. Sai da na ga kofuna suna kumfa na gane inda nake. (Ya kamata in fita. Amma waje sanyi, ciki ɗumi, Allah Ya yafe mini.) Lemo na sha, wallahi lemo kawai.

A kan kowane tebur akwai 'yan kwalaye zagayayyu da ake ɗora kofi a kai, ɗauke da hoton wani dattijo mai gemu da alkyabba. Kyauta ne. Rowata ta motsa, na cika aljihun kwat. Tsaraba ta samu.

Da na dawo Dubai muka taru shan shayi a ofishin Alhaji. Ina ta zuba labari ina raba kwalayen, na Alhaji ma da hannu biyu na miƙa. Ya ɗora kofinsa a kai, ya ce, "Wane ne wannan bawan Allah?"

"Wani babban malaminsu ne, Alhaji," na ce, ko kunya.

Sai Isufu, wani ɗan Maraɗi mai jin Faransanci, ya ɗaga nasa yana karanta rubutun a hankali. Kafaɗarsa ta fara rawa don dariya.

"Habibi, a ina ka samo wannan?"

"A... wurin mai shayi."

"Mai shayi! Alhaji, malamin nan giya yake dafawa. Ga sunanta, ga sunan gidan, har adireshi."

Alhaji ya ɗauke kofinsa, ya ture kwalin da ɗan yatsa kamar mataccen kyankyaso.

"Alhaji, lemo na sha! A kawo Alƙur'ani!"

"Na yarda," in ji shi. "Wanda ya sha ai zai ɓoye. Kai kuwa ka shiga, ka yi musu sata, ka kawo mini shaida da hannu biyu."

Tafiya ta gaba Isufu aka tura. Ni kuwa har yau a kasuwa "Ɗalibin Malam" suke kirana, da an kawo shayi sai wani ya ce, "Yalla, ina kwalin?"

Tun daga nan inda aka hana ni ba na shiga, ko ƙanƙara ake yi. Tsaraba kuma saya nake yi, kuma duk abin da ke da rubutu sai Isufu ya karanta tukuna.