Shekarun Dattijo Barnaba

Duk ƙasar Daura, in ka ɗebe masu sarauta, ban san mutumin da ya kai Dattijo Barnaba Tanko cika ido ba. Shi ne babban dattijon majami'armu, shi ne shugaban kwamitin gini, shi ne na kwamitin tarihi, kuma shi ya kafa kwamitin da ke sa ido a kan waɗannan biyun, ya kuma daure ya karɓi shugabancinsa. Kujerarsa tana can gaba kusa da ta Fasto, ita kaɗai ce mai matashi. Laƙabin da ya raɗa wa kansa shi ne Tubalin Farko, kuma da yake mutum ne mai tawali'u, ba ya so a kira shi da shi sai in akwai jama'a.

Amma babbar baiwarsa ba a nan take ba. Fasto Habila, limaminmu, yakan yi wa'azi cewa lalle ne a sake haihuwar mutum. Dattijo ya daɗe da wuce wannan aji. An haife shi sau ɗaya a wani ƙauye ta wajen Dutsi, aka sake haihuwarsa ranar da ya kama aikin gwamnati, kuma a takardar aiki haihuwar ta biyu ta zo bayan ta farkon da shekara goma sha wani abu. Saboda haka shekarunsa kashi biyu ne. Daga Litinin zuwa Juma'a hamsin da uku gare shi, haɓa a aske, gashi baƙi wuluk, yana hawa benen ofis da sassarfa don kada wani ya tuna masa da ritaya. Ranar Lahadi kuwa furfurar haɓa ta leƙo, hula ta rufe rini, sanda ta zo hannu, sai ka ga tsoho tukuf yana tari tun daga bakin ƙofa. Mu 'yan majami'a mun san na Lahadi, 'yan ofis sun san na Litinin, kuma shekara da shekaru Allah bai haɗa mutanen nan biyu wuri guda ba.

Asalin majami'ar tamu ba dogon labari ba ne. Shekara hamsin da suka wuce, wasu Kirista 'yan tsiraru, ma'aikacin ɗakin shan magani da malaman firamare biyu da wasu manoma da iyalansu, suka rasa inda za su yi sujada. Marigayi Malam Maharazu, wani bafataken shanu, ya ba su aron rumfar kara a bayan gidansa, ya ce abin da yake roƙo kawai su sassauta kiɗa in ladan ya kira salla. Daga rumfa aka koma ɗakin laka, daga baya aka yi masa rufin kwano. Sai ga 'yan kabilar Ibo masu sayar da kayan gyaran mota, sai ga 'yan sanda da ma'aikatan kan iyaka, 'yan hidimar ƙasa kuma suna zuwa suna tafiya, har aka raba sujada biyu, ta Hausa da ta Turanci, aka buɗe ɗan reshe a wani ƙauye ta wajen Babban Mutum. Bana kuma aka gama sabon gini na bulo mai tagogin gilashi.

Wannan shi ne tarihin a bakin kowa. A bakin Dattijo kuwa tarihin yana ƙiba duk shekara. Da farko cewa yake yi ya ga rumfar da idonsa. Da tafiya ta yi tafiya, shi ya ɗaura mata kara. Bara kuma shi ya je Kusugu ya ɗebo ruwan da aka kwaɓa ƙasar ɗakin farko, a ka, kuma yadda ya tsara labarin, saura kaɗan ya ce shi da macijiyar sun gaisa. Kada in zalunce shi, yana nan a lokacin, saurayi ne da ɗan gashin baki. Mama Talatu, shugabar zumuntar mata, wadda ya girme ta da kaɗan, ita ce budurwar da ke share rumfar, kuma takan ce ta tuna shi sarai, don bai taɓa rasa sujadar da aka dafa shinkafa ba.

Da bikin cika shekara hamsin ya matso, majalisar dattawa ta yanke shawarar a kafa dutse a bakin ƙofar sabon gini, a sassaƙa sunayen waɗanda suka fara sujada a rumfa da girmansu, waɗanda ke raye cikinsu kuma a jera musu kujeru a gaba ranar biki. Tun daga ranar Dattijo bai sake barci mai daɗi ba. Yana son sunansa a dutsen nan, kuma a sama, kuma da manyan haruffa.

"'Yan'uwa cikin Ubangiji," in ji shi a taron majalisa, "ni ba mai son suna ba ne. Da don ta ni ne, ko a bayan dutsen aka rubuta ni ya wadatar. Amma tarihi amana ce. In jikokinmu suka taso suka tarar da sunana a tsakiyar mutane, me za mu ce musu?"

Babu wanda ya san abin da za a ce musu. Fasto Habila, wanda Allah ya yi wa haƙurin da ba na wannan zamani ba, ya ce a bari a yi biki tukuna, kowa ya ba da shaidarsa a gaban jama'a, sannan a kira mai sassaƙa. Dattijo ya amince, ya kuma karɓi wahalar tsara yadda bikin zai gudana, tunda babu wanda ya nema sai shi.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya masa a rai. Fasto ya gayyaci iyalin marigayi Malam Maharazu, kuma babban ɗan marigayin ba kowa ba ne illa Alhaji Sha'aban, shugaban sashen ma'aikata a ofishin su Dattijo, wato mutumin da in ya ce wane ya isa hutu, to wane ya tafi hutu ke nan. Dattijo ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya bincika, aka tabbatar masa Alhaji yana da taro a Katsina a ranar. Ya ce kai, abin bai yi daɗi ba, ya so a ce Alhaji ya samu zuwa. Daga nan ya bar aski har mako biyu, a ofis ya ce ƙuraje ne suka fito masa, yana yawo da takunkumi.

Ranar biki wuri ya cika ya batse. Zumuntar mata sun sha anko suna buga tulu, 'yan reshe sun zo cikin motar haya har da akuyarsu, maƙwabta Musulmi sun zauna a rumfar baƙi ana ta gaishe-gaishe, ƙamshin shinkafa yana tasowa daga bayan gini. Dattijo ya iso cikin babbar riga fara, yana dogara sanda kamar wanda aka sallamo daga asibiti. Ya leƙa kujerar iyalin Maharazu, ya ga babu kowa a kai, sai tarinsa ya ƙara ƙarfi.

Fasto ya ba shi 'yan mintoci ya yi shaida. Ya karɓi makirufo da hannu biyu. Dattijo yana da wata ɗabi'a, in zai ba da labarin wahalar da ya sha saboda bishara, rufe ido yake yi don abin ya fi ratsa shi. Ya rufe, ya fara daga rana, ya bi ta ruwan sama, ya gangara kan kunamai. Yana cikin kunaman ne wata mota ta tsaya a waje. Ashe an ɗage taron Katsina. Alhaji Sha'aban ya shigo a hankali, ya ɗaga wa mutane hannu, aka kai shi kujerarsa. Duk majami'a ta gan shi, ban da mai jawabi.

"Lokacin da na kafa wannan wuri," in ji Dattijo, "ni magidanci ne, gemuna har ƙirji. Ni da Malam Maharazu tabarma ɗaya muke zama, ƙwarya ɗaya muke shan fura. Ni na ce masa, Maharazu, ba ni rumfar nan. Wannan ɗan nasa Sha'aban da kuke jin labarinsa, wanda yau yake hura hanci a ofis, a kan cinyar nan tawa ya yi fitsari, ba sau ɗaya ba."

Ya dakata don a yi tafi. Da ya ji tafin bai zo ba, sai ya buɗe ido.

Ban taɓa ganin tari ya warke nan take ba sai ranar. Alhaji Sha'aban kuwa mutum ne mai sanyin magana. Da aka miƙa masa makirufo a madadin iyalinsu, ya yi godiya, ya ce mahaifinsu har ya rasu yana yabon zaman da ya yi da mutanen rumfa, ya yi addu'a Allah ya ƙara zaman lafiya. Sannan ya juya wajen Dattijo, ya ɗan rusuna.

"Baba, ka yafe mini. Ashe ubana ne kai, nake ta kiranka Malam Barnaba. Mutumin da ya rene ni, mu ne muke sa shi hawa bene kullum. Wannan laifinmu ne a ofis, kuma in Allah ya kai mu Litinin zan gyara, ka je gida ka huta."

Jama'a suka yi tafin da suka riƙe ɗazu. Gaskiya na tausaya wa Dattijo, don a tsaye yake a gabanmu yana awo. Ga dutse a bakin ƙofa, fari tas, yana jiran suna. Ga kuma ofis, da kujera mai juyawa, da fanka, da masinja mai cewa yallaɓai. Abin takaicin ma, a duk jawabin nan nasa, girman da ya ce yana da shi a lokacin shi ne kaɗai abin da ya yi kusa da gaskiya, kuma shi ne ya zama dole ya musanta. Bai daɗe yana awon ba. Ya jingine sanda a jikin bagadi, wato teburin gaban majami'a, ya miƙe ƙyam, ya karɓi makirufo da muryar ranar Litinin.

"Ranka ya daɗe, ba a fahimce ni ba. Mu a nan da harshen ruhaniya muke magana. Gemun da na ambata, gemun bangaskiya ne. A jiki kuwa shekarata uku, a goye aka kawo ni rumfar."

Alhaji ya tambaye shi, to cinyar fa. Dattijo ya ce cinyar ta mahaifinsa ce, shi gadon labarin ya yi. Alhaji ya gyaɗa kai, ya ce madalla, ashe ma ƙanensa ne, ya koma ya zauna yana gyara hula.

Fasto Habila ya karɓi makirufo. Ya sanar da abu na gaba a tsarin biki, kuma tsarin nan Dattijo ne ya yi shi da kansa. Waɗanda suka kafa majami'a za su zauna a kujerun gaba, waɗanda aka kawo rumfa suna yara su fito su durƙusa a gabansu, a ƙasa, ba tabarma, a ɗora musu hannu a sa musu albarka. Dattijo ne ya nace a kan rashin tabarmar, wai don 'yan baya su koyi ladabi. Tsofaffi huɗu suka hau kujeru, ta biyar mai matashi ta zauna babu kowa. 'Ya'yan rumfa suka fito. Dattijo ya duba dutse, ya duba Alhaji, Alhaji ya yi masa murmushi, sai ya bi layi.

Rabonsa ya faɗa a gaban Mama Talatu. Da ya kai gwiwa ƙasa, sai da makirufo ya ɗauki ƙarar ƙashinta. Ta ɗora masa hannu a ka, ta rufe ido, ta yi addu'ar da ake yi wa kowane jariri ranar suna.

"Ya Ubangiji, ga yaronka Barnaba. Ka raya mana shi. In ya girma, ka sa ya zama mai gaskiya."

Majami'a ta amsa da amin, rumfar baƙi ma ta amsa, muryar Alhaji Sha'aban a sama da ta kowa. Sauran 'ya'yan rumfa suka tashi suka koma wurarensu. Yaron Mama Talatu kuwa, sai da ƙarti biyu suka kama shi kafin ya iya miƙewa.