Ranar da Bakina Ya Yi Kyauta da Kwamfutar Sodangi

Jama'a, yau da ƙyar ƙafafuna suka kawo ni gida. Awa huɗu na yi a kan benci a ƙofar gidan wani babba, sannan ni da maƙwabcina Sodangi muka ƙara awa biyu muna tura babur a layin mai. Da muka iso bakin famfo sai mai sayarwa ya rataye tiyo, ya ce injin ya gaji, sai gobe. Inji ma an yarda ya gaji a ƙasar nan, talaka ne kawai aka hana. Amma ba kukan mai na kawo muku yau ba. Ƙarar bakina na kawo, domin ya yi kyauta da abin da ba nasa ba.

Sodangi magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, yana da shago a nan Boɗinga. Kwamfuta ɗaya gare shi mai ƙarfi, kuma ita ce gonarsa. Da safe yana buga wa mutane takardu a ƙaramin allo, da yamma masu son wasan ƙwallo na kwamfuta su cika benci, a mayar da hoton kan babban talabijin na bango. Da can duk sauyin nan sai ya shiga ƙarƙashin tebur yana cire waya yana sa waya, hoto ya fito rabi, murya ta fito ta inda ba a so, masu jira suna ta tsaki. Shekara biyu ya yi yana rubuta manhajarsa da kansa, a tsakanin zuwan wuta da ɗaukewarta, har ya gama. Maɓalli biyu ne a fuskarta. Ƙarami an rubuta masa Aiki. Babba, kore shar, an rubuta masa Wasa, kuma kana danna shi ƙaramin allo zai mutu, talabijin ya kama, murya ta koma lasifika, wasa ya buɗe da kansa. Ya yi na wasan babba ne don kada mai gaggawa ya yi kuskure. Ni ban san yadda ake rubuta irin wannan abu ba, amma na ga yana aiki kullum, abin da ba zan iya faɗa ba game da rijiyar burtsatsen unguwarmu da aka ƙaddamar sau uku.

Ana nan sai ga wani Malam Jamilu, mai riƙe wa ɗaya daga cikin manyanmu jaka. Sunan uban gidan nasa ba zai fito daga bakina ba, bakin ya yi ɓarnar da ta isa. Mu kira shi Mai Girma Sarkin Almakashi, Garkuwan Rumfunan Biki, wanda bai taɓa ganin ƙyalle a ƙofar gini ya bar shi da rai ba. Jamilu ya ce za a buɗe cibiyar koyon kwamfuta a wani ƙauye can bayan Lambara. Gini ya sha fenti, tebura ashirin sun jeru, kwamfutocin ne kawai suna hanya. Tun bara waccan suke hanya, bayin Allah, ko a jaki aka ɗoro su ya ci a ce sun iso. To ana bukatar abin da za a haska a majigi ranar biki, shi ne ya zo aron ta Sodangi, na rabin yini kacal.

Sodangi ya so ya ƙi. Ni ne na matsa masa.

"Tahi mana," na ce. "Manya su ga aikinka. Wa ya san inda arziki shika hitowa?"

"Kawu Mode, ita ɗai gare ni hwa."

"Ina tare da kai. Mi za ya hwaru?"

Kun ji laifina na farko.

Ranar biki manoma suka bar albasarsu ba ban ruwa tun hantsi, suka zauna a rana. Mai Girma ya iso bayan la'asar, aka gode masa da ya zo da wuri. Ya yanka ƙyalle, aka zaunar da shi gaban kwamfutar, Sodangi ya ɗora masa hannu a kan ɗan linzamin da ake ja a tebur. Shirin da aka yi shi ne ya danna ƙaramin maɓalli, hotunan kwamfutoci ashirin ɗin nan da ke hanya su fito a majigi, a yi tafi a watse. To amma ku gaya mini, yaushe kuka taɓa ganin babba ya zaɓi ƙarami? A faranti ne, ko a kujera, ko a mota? Ya dubi maɓallan nan biyu, ya zarce kan koren.

Manhaja ba ta san girma ba, aikinta ta yi. Majigi ya yi ƙifta ɗaya, lasifika ta ɓarke da ihun 'yan kallo, sai ga 'yan ƙwallo suna fitowa fili a gaban dattawan ƙauye. Babu mai wuyan da zai ce Mai Girma ya yi kuskure. Jamilu ne ya fara tafi, muka bi shi, mai sanarwa kuma ya ce wannan shi ne ɓangaren bunƙasa matasa da aka daɗe ana tanadi. Mai Girma ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya karɓi abin bugawa, ya zura ƙwallo ɗaya. Na ga Sodangi ya rage wa ɗaya ɓangaren ƙarfi a ɓoye, amma wannan tsakaninsa da Allah.

"Wa ya yi wanga abu?" in ji Mai Girma. Aka nuna Sodangi. "Kai, ya yi kyau ƙwarai. Na'urar ga ta burge ni."

Sodangi ya sunkuyar da kai don kunya. Ni kuwa da aka yi wa tarbiyya, ba na iya barin yabon babba ya faɗi ƙasa ba a tare shi ba.

"Ai taka ta, ranka shi daɗe," na ce.

Kafin ku zage ni, ku tuna yadda aka rene mu. In babba ya yaba abinka, kai ka miƙa masa, shi kuma ya ce Allah shi yi albarka, ya fi dacewa da kai, wani lokaci ma ya ɗora maka wani abu a kai. Kowa ya fita kunyar kowa, kaya kuma ba su motsa daga inda suke ba. Mahaifina ya yi kyauta da bijiminsa ga dattawan garinmu ya fi sau goma, kuma a gidanmu bijimin ya tsufa. Abin da na manta shi ne, al'adar nan mutum biyu take bukata.

"Madalla," in ji Mai Girma.

Ban rufe baki ba na ga Jamilu yana naɗe wayoyi. Kafin mu idar da sallar magariba an rufe bayan mota. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya, amma ba su faɗa mana cewa wani lokaci wuyan maƙwabci yake yankawa ba.

Kwana tara shagon Sodangi yana rufe. Tukunyar gidansa daga teburin nan take tafasa, kuma aikin shekara biyu yana cikin na'urar, kwafin da ya ajiye a waje tsoho ne tun na bara. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Amma kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Kawu, an tashi lahiya?" ya wuce. Wallahi gaisuwar nan ta fi mari zafi, na rasa inda zan sa kaina.

Jiya sai ga wayar Jamilu, wai na'ura ta ƙi aiki a gidan Mai Girma, talabijin baƙi ƙirin. Dole ta ƙi, allunan shagon da majigin biki kawai manhajar ta sani. Shi ne yau muka yi sammako, muka sha bencin da na gaya muku, aka shigar da mu falo cike da baƙi. Sodangi ya durƙusa yana koya wa manhajarsa sabon talabijin mai faɗin ƙofar shago, na kuma ga ya soka ɗan filashi a baya ya kwafe aikinsa, yana waige kamar ɓarawo. Mutum yana satar guminsa, jama'a.

Ni kuwa da shirina na zo. Na ce al'adar da ta kai kaya ita za ta dawo da su. Da hoto ya fito, na gyara murya yadda duk baƙi za su ji.

"Allah shi ba ka nasara, wagga na'ura ta yi kyau. Ban taɓa ganin irinta ba. Ta burge ni ƙwarai da gaske."

Na tsaya ina jiran kalmomi ukun nan, "ai taka ta". Mai Girma ya gyaɗa kai cikin jin daɗi, ya juya wajen baƙinsa.

"Wallahi kuwa. Mutanen Boɗinga sunka ba ni ita. Mutane na masu karamci."

Baƙi suka ce Allah shi saka wa Boɗinga da alheri. Aka ba mu lemo kwalba ɗai-ɗai da kalanda mai hotonsa yana riƙe da almakashi, Jamilu ya raka mu har ƙofa don kada mu ɓata. A nan na gane cewa a wajen manyanmu ruwan sama ne kaɗai ke saukowa ƙasa, kyauta hawa take yi. Ina yaba musu, domin ba kowa ke iya riƙe rabin al'ada da ƙarfi haka ba.

Da muka iso, Sodangi ya buɗe shagon ya zauna gaban teburin da babu komai a kai sai wayoyi, yana juya filashin a hannu. Aikinsa ya dawo, amma ba shi da inda zai zuba shi. Na shiga gida na ɗauko tsohuwar kwamfutar cinya da nake buga muku wannan shafi da ita. Ba za ta ja wasan ƙwallo ba, amma za ta buga takardu, zai kuma ci gaba da rubutunsa kafin ya harhaɗa wata. Na ajiye masa.

"Taka ta," na ce.

"Allah shi yi albarka, Kawu. Ta hi dacewa da kai."

Mutumin da ya yi kwana tara ba ciniki, shi ne ya san amsar. Idona ya cika, na yi kamar ƙura ce. Sai da na rantse masa cewa wannan karon ba ladabi nake yi ba, sannan ya dube ni ya ce, "Ka tabbata?" Tambayar da mai falo da motoci bai ga dalilin yi ba ke nan. Na ce na tabbata, na fito kafin ya sake mayar mini da ita.

Don haka da biro na rubuta wannan, mai buga jarida ya yi haƙuri da hannuna. Ku kuma, in wani babba ya yaba hularku a wajen biki, ku ce kun gode da ladabi, ku dafe ta da hannu biyu.